Ryan Coogler: Daraktan da Finafinansa Suka Fi Shi Suna, da Yarjejeniyar da Ta Tayar da Ƙura a Hollywood

Tun da fim ɗin Sinners ya fito a watan Afrilun 2025, labarai biyu ne suka fi yawo a kan wanda ya ba da umarninsa, Ryan Coogler. Na farko shi ne ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Warner Bros. wadda za ta mayar masa da mallakar fim ɗin bayan shekara 25, har wasu manyan masana'antar suka shiga faɗin cewa wannan zai rusa tsarin da Hollywood ta ginu a kai. Na biyu kuma ya zo a watan Janairun 2026, lokacin da fim ɗin ya shiga takarar kyautar Oscar a rukuni 16, adadin da babu fim ɗin da ya taɓa kaiwa. Finafinai uku ne suka riƙe tarihin a baya da rukuni 14 kowanne: All About Eve na 1950, da Titanic na 1997, da La La Land na 2016.

Duk da haka, yawancin masu kallo idan aka ambaci sunan Coogler sai sun tambaya wane ne, kuma sai an ce "wanda ya yi Black Panther" sannan su gyaɗa kai. Daga nan wata tambayar ke biyo baya: in dai shi ya rubuta labarin, shi ya ba da umarni, me zai sa ya jira shekara 25 kafin fim ɗin ya zama nasa? Amsar tambayoyin biyu a wuri ɗaya take.

Wane ne mai fim?

Mutum uku ne ake yawan cakuɗa aikinsu. Darakta shi ne mai ba da umarni: shi ke cewa a ajiye kyamara a nan, jarumi ya shigo ta can, a sake ɗaukar wannan fitowar domin ba ta yi ba. Furodusa shi ne mai shiryawa, wanda ke nemo kuɗi, ya ɗauki ma'aikata, ya tabbatar an gama a kan lokaci. Sai kamfanin da ke zuba jarin ya kuma rarraba fim ɗin zuwa sinimomi, irin su Disney da Universal da Warner Bros.

A dokar haƙƙin mallaka ta Amurka, darakta a mafi yawan lokuta ɗan kwangila ne. An ɗauke shi aiki, an biya shi, don haka doka na ɗaukar kamfanin da ya biya a matsayin mawallafin fim ɗin, kuma haƙƙin yana nan a hannun kamfanin har shekara 95 daga fitowarsa. Ko da darakta ya kwana dubu a kan aikin, kamfani na iya yanke wani sashe, ko ya sauya ƙarshen labarin, ko ya sayar da fim ɗin ga wanda ya ga dama, sai fa in kwantiragi ya hana.

Ba ko'ina ne haka abin yake ba. Faransa tana kallon darakta a matsayin mawallafi mai haƙƙin da ba ya sayuwa. An ga bambancin ƙuru-ƙuru a kan fim ɗin The Asphalt Jungle na 1950, wanda Ba'amurke John Huston ya ba da umarni. Fim ne mai hoton baƙi da fari, kamfanin da ya mallake shi daga baya ya sa masa kala. A Amurka magadan Huston ba su da ta cewa, amma a 1991 babbar kotun Faransa ta ba su gaskiya a kan nuna mai kalar a ƙasarta. Daga Faransar ne kuma ra'ayin ɗaukaka darakta ya samo ƙarfi a shekarun 1950, a mujallar Cahiers du cinéma, kafin wani mai sharhi, Andrew Sarris, ya yayata shi a Amurka a 1962. Amurkawa sun karɓi ra'ayin a jami'o'i da jaridu da wuraren ba da kyaututtuka. Dokarsu kuwa ba ta motsa ba.

Misalin da ya fi kusa da mai kallo na nan gida shi ne Sylvester Stallone, wanda aka fi sani da Rambo. Shi ya rubuta Rocky na 1976, shi ya fito a jarumi, amma ya sha fitowa fili yana kokawa cewa ba shi da ko ƙwayar zarra a mallakarsa. A 2022 ma ya yi ta caccakar furodusan fim ɗin, Irwin Winkler, a shafinsa na Instagram a kan wannan batu.

Daga Oakland zuwa Wakanda

An haifi Coogler ranar 23 ga Mayun 1986 a Oakland da ke jihar Kalifoniya. Ƙwallon Amurka ce ta kai shi jami'a, da tallafin karatu na 'yan wasa, kuma a can wata malama da ta karanta wani rubutu nasa ta ba shi shawarar ya gwada rubuta fim. Ya gama digirinsa a fannin harkar kuɗi a Sacramento, abin da bai kamata a manta da shi ba idan aka zo maganar yarjejeniya, sannan ya shiga makarantar fim ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya.

Fim ɗinsa na farko, Fruitvale Station na 2013, labari ne na gaskiya: ranar ƙarshe ta rayuwar Oscar Grant, saurayi baƙar fata ɗan shekara 22 da wani ɗan sandan tashar jirgin ƙasa ya harbe a Oakland da asubahin 1 ga Janairun 2009. Kuɗin da aka kashe bai kai dala miliyan 1 ba. Fim ɗin ya lashe manyan kyaututtuka biyu a bikin Sundance, na alƙalai da na 'yan kallo, lokacin Coogler yana da shekara 26.

Na biyu shi ne Creed na 2015, ci gaban labarin Rocky. Mahaifin Coogler masoyin finafinan Rocky ne, kuma rashin lafiyar da ya yi ce ta haifar da tunanin fim ɗin. Sai da aka sha fama kafin Stallone ya amince ya koma rawar da ya riga ya yi wa bankwana. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 170, kuma wanda ya shiga takarar Oscar a dalilinsa shi ne Stallone.

Black Panther na 2018, labarin sarkin wata ƙasar almara ta Afirka mai suna Wakanda, shi ne ya sauya lissafi gaba ɗaya. Ya tara sama da dala biliyan 1.3 a duniya, ya zama fim na farko daga finafinan jarumai masu ƙarfin ban mamaki da ya shiga takarar gwarzon fim a Oscar, ya kuma ci kyauta uku: ta sutura, da ta tsara wuraren ɗauka, da ta kiɗa. Ruth E. Carter mai tsara sutura da Hannah Beachler mai tsara wuraren ɗauka su ne baƙaƙen fata na farko da suka ci rukunansu. Da Saudiyya ta sake buɗe sinima a Riyad a watan Afrilun 2018 bayan haramci na kusan shekara 35, da shi aka buɗe. Coogler yana da shekara 31, kuma ba a sa sunansa cikin 'yan takarar gwarzon darakta ba.

Jarumin fim ɗin, Chadwick Boseman, ya rasu a watan Agustan 2020 sakamakon ciwon daji da ya ɓoye wa kusan kowa. Dole aka sake rubuta kashi na biyu, Wakanda Forever, wanda ya fito a 2022 ya tara kusan dala miliyan 860. Mawaƙiyar Najeriya Tems na cikin waɗanda suka rubuta babbar waƙarsa tare da Rihanna.

Idan aka duba waɗannan finafinai huɗu, abu ɗaya ya haɗa su: babu wanda tushen labarinsa na Coogler ne. Na farko rayuwar wani ce, na biyu gadon Stallone ne, biyun ƙarshe na Marvel ne, wanda Disney ta saya a 2009 a kan kimanin dala biliyan 4. Creed kuwa yana cikin taskar MGM, kamfanin da Amazon ta kammala saye a 2022 a kan dala biliyan 8.45. Mutumin da finafinansa suka tara sama da dala biliyan 2 bai mallaki ko ɗaya daga cikin manyan nan uku ba.

Suna kala-kala ne

Idan aka ce wane ya fi wane suna a harkar fim, ya kamata a tambaya: a wurin wa, kuma da wane ma'auni?

Akwai sanin fuska. A wannan ma'auni daraktoci kaɗan ne suka tsira, kuma galibinsu masu fitowa ne a finafinansu, irin su Spike Lee da Clint Eastwood. Abin da ya faru da Coogler a watan Janairun 2022 ya nuna iyakar nasa. Yana Atlanta wurin ɗaukar Wakanda Forever, ya shiga wani reshen Bank of America sanye da hula da baƙin tabarau da takunkumin korona. Ya miƙa wa ma'aikaciyar takardar cire kuɗi, a bayanta ya rubuta cewa yana son dala 12,000 daga asusunsa, kuma don Allah a ƙirga a wani wuri ba a bainar jama'a ba. Ma'aikaciyar ta ɗauka fashi ne, aka kira 'yan sanda, aka sa masa ankwa a cikin bankin, aka tsare mutum biyu da ke jiransa a mota. Sai da aka tantance takardunsa aka sake shi, bankin kuma ya ba da haƙuri. Mutane da yawa sun kalli lamarin ta fuskar yadda ake zargin baƙar fata a Amurka, kuma wannan karatu ne mai tushe. Ta fuskar suna kuwa, shekara huɗu bayan fim ɗin da duniya ta kalla, a birnin da aka ɗauki mafi yawansa, ba a gane shi ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai kallo Bahaushe. A gidajen kallo da sunan akta ake kiran fim: fim ɗin Rambo, fim ɗin Jet Li, fim ɗin Kwamando. Da wuya a samu wanda zai ce Mark L. Lester ne ya ba da umarnin Commando na 1985, alhali mutane da yawa sun haddace fim ɗin tun daga farko har kisan bos. John G. Avildsen ya ci Oscar ta gwarzon darakta da Rocky, shi ne kuma ya yi The Karate Kid na 1984, amma ko a Amurka sai masu bin diddigi ke tuna sunansa.

Akwai ma'aunin kuɗi, shi ma yana yaudara. 'Yan'uwan nan biyu, Anthony da Joe Russo, sun ba da umarnin Avengers: Endgame na 2019 wanda ya tara kusan dala biliyan 2.8, ninki biyu na Black Panther. Amma sunan Marvel ne ya cika sinimomin, kuma masana'antar ta san haka. Wannan shakku shi ne ya bi Coogler har zuwa 2025: shin shi ne ya jawo mutane, ko kuwa Wakanda da Rocky?

Akwai ma'aunin kyaututtuka. John Ford ya ci gwarzon darakta sau huɗu, babu wanda ya kamo shi, amma matasan yau ba su san shi ba. Alfred Hitchcock da Stanley Kubrick ba su taɓa cin wannan rukuni ba, kuma su ake koyarwa a makarantu. Baƙaƙen fata shida ne suka shiga takarar rukunin kafin Coogler, daga John Singleton a 1992 zuwa Spike Lee a 2019, kuma har yau babu wanda ya ci. Coogler ya zama na bakwai a 2026. Kyautar ta tafi ga Paul Thomas Anderson, Coogler kuma ya ci ta rubutun labari. Don adalci, ɗaya daga cikin rukunai 16 da Sinners ya shiga sabo ne a shekarar, na zaɓen 'yan wasa, amma ko an cire shi tarihin ya karye.

Ma'auni na ƙarshe shi ne wanda kamfanoni ke sa kuɗi a kansa: daraktan da sunansa kaɗai a jikin fasta zai sa mutum ya bar gida ya sayi tikiti, ba tare da ya san labarin ba. Steven Spielberg yana wannan sahu tun Jaws na 1975. Christopher Nolan da Quentin Tarantino da James Cameron suna ciki. Sahun bai da yawa, kuma sai wanda ke cikinsa ne ke iya gindaya wa kamfani sharaɗi.

Abin da yarjejeniyar ta ƙunsa

Ba a wallafa kwantiragin ba, amma rahotannin jaridun masana'antar sun haɗu a kan abubuwa uku.

Na farko, maganar ƙarshe a kan tacewa tasa ce. Yadda ya miƙa fim ɗin haka za a nuna shi, kamfani ba zai rage tsawonsa ko ya sauya ƙarshensa ba. Wannan gata ne da manyan daraktoci da dama ke da shi.

Na biyu, kasonsa yana farawa daga dalar farko da ta shigo, ba sai an cire kuɗin da aka kashe ba. Muhimmancin wannan sai wanda ya san lissafin Hollywood. Sinimomi na riƙe kusan rabin kuɗin tikiti. Daga ragowar, kamfani na cire kuɗin talla, da ladan rarrabawa da yake biyan kansa da kansa, da kuɗin ruwa a kan jarin da ya zuba, har ta kai fim ɗin da ya yi kasuwa sosai yana iya zama "bai ci riba ba" a takarda. Marubuci Art Buchwald ya kai Paramount ƙara a kan Coming to America na 1988, fim ɗin Eddie Murphy da ya tara ɗaruruwan miliyoyin dala, kamfanin ya ce babu ribar da za a raba. A 1990 kotu a Kalifoniya ta ce tsarin lissafin ya wuce gona da iri. Wanda aka yi wa alkawarin kaso daga riba kan ƙare ne a matsayin kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, shi ya sa duk mai ƙarfin faɗa a ji ke neman nasa daga dalar farko.

Na uku shi ne ya jawo surutu: bayan shekara 25, wato a 2050, mallakar fim ɗin ta koma hannun Coogler. Lokacin ya haura shekara sittin, kuma saura kimanin shekara 70 a wa'adin haƙƙin mallakar, wanda shi da magadansa za su ci.

Coogler ya danganta wannan buƙata da labarin fim ɗin kansa. Sinners ya faru ne a 1932 a yankin Mississippi, zamanin dokokin wariyar launin fata. Wasu tagwaye, waɗanda Michael B. Jordan ya fito a matsayinsu duka biyun, sun dawo daga Chicago da kuɗi, suka sayi tsohuwar masana'antar katako daga hannun wani farar fata domin buɗe gidan kiɗa na baƙaƙe, kafin wasu masu shan jini su zo ƙofa suna neman a ba su izinin shiga. Labari ne a kan wa ke da kiɗan, wa ke da ginin, wa ke cin moriyarsu. Ya ce wani kawunsa ɗan asalin Mississippi, mai son kiɗan blues, wanda ya rasu lokacin da yake kammala Creed, shi ne silar rubuta shi. Daga cikin manyan 'yan wasan akwai Wunmi Mosaku, wadda aka haifa a Zariya a 1986 kafin iyayenta su koma Ingila.

Me ya sa Warner Bros. ta yarda

Kamfanoni da dama ne suka yi zawarcin fim ɗin a farkon 2024, kuma sharaɗin mayar da mallaka ya sa wasu suka janye. Warner Bros. tana da nata dalilin na musamman. A ƙarshen 2020, saboda korona, ta sanar cewa duk finafinanta na 2021 za su fito a sinima da kuma manhajarta ta HBO Max a rana ɗaya, ba tare da ta shawarci masu finafinan ba. Nolan, wanda ya shafe kusan shekara ashirin yana aiki da ita, ya yi mata kaca-kaca a bainar jama'a, ya tattara ya koma Universal. A can ya yi Oppenheimer na 2023, wanda ya tara sama da dala miliyan 950 ya kuma ci Oscar bakwai. Sabbin shugabannin sashen fim na Warner, Mike De Luca da Pam Abdy, sun zo ne da aikin dawo da amincin daraktoci, kuma hakan ba ya samuwa da baki kawai.

Sannan ba Coogler ne ya fara ba. George Lucas ya riƙe haƙƙin ci gaban labarin Star Wars da na kayan wasan yara tun 1977, abin da Fox, kamfanin da ya fitar da fim ɗin, ta ɗauka ba wani abin a zo a gani ba ne, kuma a 2012 ya sayar da kamfaninsa ga Disney a kan kimanin dala biliyan 4. An kuma ruwaito Tarantino ya samu irin wannan sharaɗi na dawo da mallaka daga Sony a kan Once Upon a Time in Hollywood na 2019.

Masu suka da masu goyon baya

Hujjar masu suka ba ta banza ba ce. Kamfanin fim caca yake yi: yana zuba kuɗi a finafinai da yawa, wasu su faɗi warwas, kaɗan su yi kasuwa, kuma abin da ke riƙe shi shi ne tsofaffin finafinan da ke ci gaba da kawo kuɗi daga talabijin da manhajojin kallo shekara da shekaru. Biliyoyin da Amazon ta biya a kan MGM, taskar finafinai kusan 4,000 ta saya. Idan duk fim ɗin da ya yi nasara zai bar hannun kamfani, wanda ya faɗi kuma ya zauna masa a wuya, to wa zai sa dala miliyan 90 a sabon labari, kamar yadda aka ruwaito an kashe wa Sinners? Wasu shugabannin kamfanoni da ba su yarda a faɗi sunansu ba sun bayyana wa jaridu fargabar cewa kowane babban darakta zai zo da irin wannan buƙata. Batun ya ƙara nauyi a ƙarshen 2025, da Warner Bros. kanta ta shiga kasuwa, Netflix da Paramount suna kokawar sayenta, domin duk mai saye da taskar yake lissafi.

Masu goyon baya suna cewa an zuzuta abin. Mafi yawan kuɗin da fim ke kawowa a shekarunsa na farko yake shigowa, kuma dalar da za a karɓa a 2050 ba ta kai ta yau daraja ba. Daraktocin da ke da ƙarfin neman wannan sharaɗi ba su cika yatsun hannu biyu ba. Wasu kuma sun tambaya me ya sa ba a ji irin wannan kururuwa ba lokacin Tarantino. Zancen ya ƙara zafi a makon farko, da fim ɗin ya buɗe da dala miliyan 48 a Amurka, ya zo na ɗaya, amma wasu kanun labarai suka fi mayar da hankali a kan cewa riba tana da nisa. 'Yan fim irin su Ben Stiller sun fito sun ƙalubalanci wannan salon rahoto.

Alƙaluman ƙarshe sun ba kowane ɓangare abin riƙewa. Fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 370, kuma a mako na biyu cinikinsa bai ragu da abin kirki ba, abin da ba a saba gani ba a finafinan ban tsoro, waɗanda sukan faɗi da rabi ko fiye. Wannan ya amsa tambayar ko sunan Coogler na sayar da tikiti: labari sabo ne fil, babu Marvel babu Rocky, kuma wani ɗan bidiyo da ya yi yana bayanin nau'o'in fim ɗin kyamara da girman allon sinima ya zama ɗaya daga cikin tallan da suka fi yawo. Amma kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin daga Amurka da Kanada ya fito. Black Panther kusan rabi da rabi ya yi tsakanin gida da waje, Oppenheimer kuwa ya fi ciniki a waje. Masu cewa labaran baƙaƙen Amurka ba sa ƙetare teku sun samu hujja. Masu cewa kamfanoni ne ba sa tallata irin waɗannan finafinai a waje yadda ya kamata su ma ba su janye ba. Abin da za a iya faɗa da ƙarfi shi ne Coogler ya shiga sahun masu sayar da tikiti da sunansu a cikin Amurka, amma a duniya bai kamo Spielberg ko Nolan ba tukuna.

Abin da ya shafi mai kallo da ƙananan 'yan fim

Ga mai kallo, babu abin da zai sauya a farashin tikiti ko a wurin da zai samu fim ɗin nan da shekaru masu yawa. Tasirin da ake iya gani a kusa shi ne a kan irin finafinan da ake yarda a yi. Shekaru da dama kamfanoni sun fi sakin kuɗi ga kashi na biyu da na uku da maimaicin tsofaffin labarai, saboda sun fi tabbas. Kowane sabon labari da ya yi kasuwa yana sauƙaƙa wa na bayansa samun jari.

Ga ma'aikatan fim, yarjejeniyar mutum ɗaya ce. Mai riƙe fitila da mai ɗinka sutura da ƙaramin marubuci ba su da kaso a cikinta. Abin da ke taɓa aljihunsu shi ne yarjejeniyar ƙungiyoyinsu, kamar wadda ta biyo bayan yajin aikin marubuta da na 'yan wasa a 2023, inda aka yi ta ja-in-ja a kan kuɗin maimaita nuna fim a manhajoji da kuma amfani da ƙirƙirarriyar basira. Gwargwadon abin da za a ce Coogler ya yi a wannan fage shi ne riƙe mutanensa: Jordan ya fito a duk finafinansa biyar, Ludwig Göransson, wanda suka haɗu a makaranta, shi ya yi kiɗan dukkansu, kuma Autumn Durald Arkapaw da ta ɗauki hoton Sinners ta zama mace ta farko da ta ci Oscar a wannan rukuni.

Mutanen Clarksdale, garin da labarin ya faru a cikinsa, sun tarar ba su da sinima ko ɗaya da za su kalli fim ɗin. Sai da suka yi takardar koke, sannan a watan Mayun 2025 Coogler da kamfanin suka kai musu shi aka nuna a zauren taron garin.

A Najeriya, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta fi kusa da tsarin Amurka a wannan gaɓa: mawallafin fim shi ne wanda ya yi shirye-shiryen samar da shi, sai dai in waɗanda suka yi aikin sun rubuta wani abu daban a yarjejeniyarsu. A aikace furodusa ke nan. Daraktan Kannywood ko marubucin da aka sallama da kuɗin aikinsa ba shi da haƙƙi a kan abin da shirin zai ci gaba da kawowa a YouTube ko a tashar talabijin, in dai ba a rubuta ba tun farko. Dokar ta bar ƙofar sharaɗi irin na Coogler a buɗe, samunsa kuwa ya danganta da ko mai kuɗin yana ganin ba zai iya yi ba sai da kai.

Shi kansa Coogler ya nuna cewa buƙatar ta wannan fim ce, ba tsarin da zai bi a kowane aiki ba. Ayyukan da aka sanar yana kansu bayan Sinners su ne kashi na uku na Black Panther da kuma farfaɗo da tsohon shirin talabijin The X-Files, kuma duka biyun mallakar Disney ne.